Mai Kati da Manhajar da Ba Ta Ƙara Ƙiba

Shagon Mai Kati a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da caja. Tebur ɗaya, firinta ɗaya, sai kwamfutar da ta girmi 'yarsa ta fari. Katin biki, fostar takara, sanarwar rasuwa, duk shi ne. Abin da ya yi masa suna kuwa, duk wanda ya bi ta hannunsa sai ya fito da kumatu. Shi cewa yake baiwa ce. Gaskiyar magana, gefen hoto yake kamawa ya ja har ya cika gurbi, tsohuwar manhajarsa kuma ba ta taɓa ce masa don me ba.

Ranar da kwamfutar ta mutu, ƙanin matarsa ya kawo masa wata, ya ɗora mata sabon tsari na kyauta.

"Yaya, wannan ba ya daskarewa, ba ya ɓata rai."

"Manhajata fa?"

"Ba ta hawa kansa. Amma akwai irinta."

Irinta suka yi ta saukewa. Ta farko ta ƙi buɗe tsofaffin ayyukansa. Ta biyu ta buɗe, ta watsa haruffan kamar tsintsiya ta kwance. Ta uku ta yi komai daidai, sai dai taurin kai gare ta: in ya ja hoto gefe, sai tsayin ma ya ƙaru, mutum ya fito yadda Allah ya yi shi.

Ɗan takarar shugabancin ƙungiyar teloli ne ya fara shan wannan gaskiya. Ya ɗaga fostar, ya ga haƙarƙarinsa kusan a waje.

"Malam, wa zai zaɓi wanda ko kansa bai ciyar ba? Ina wuyan da ka yi mini bara?"

Ya kwashi aikinsa ya tsallaka titi. Kafin mako ya zagayo, labari ya bazu cewa hannun Mai Kati ya mutu. Tsoro ya kama shi sosai, don in ka cire kumatun nan, shi kansa bai san me ya iya ba.

Ana cikin haka wata mata ta kawo hoton mahaifinta, direban babbar mota, a buga sanarwar rasuwarsa. Mutumin ya fito siriri, kunnuwa a baje. Mai Kati ya miƙa mata yana jin kunya.

"Ki yi haƙuri 'yata, na'urar ce sabuwa. Ki ba ni lokaci, zan cika miki shi."

Ta daɗe tana kallon takardar, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kada ka taɓa shi, Baba. Kalandar ƙungiyarsu ta direbobi duk kai kake bugawa, kullum yarana sai sun tambaye ni wane ne wannan ƙaton. Yau ne ka fara buga babana."

Mai Kati ya naɗe mata takardun, ya kasa ɗaga ido.