Kawuna Mai Walda da Zoben Kwandonmu

Kai, kada ma ku fara ce min ba mu iya jefa ƙwallo ba, don wallahi sai mu ɓata. A da, a filinmu na bayan gareji, ni ko ido a rufe na jefa sai ta faɗa kwando. Matsalar daga kawuna take, ƙanen mamata, wanda shi ne kocinmu.

Kawu mai walda ne. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, ba abin da ba ya yi. Amma duk duniya ba abin da yake so kamar usur ɗinsa na koci. Da shi yake shiga wanka. Matarsa ta ce ko shayi yake so, busa mata yake yi.

Shi ya ƙera mana zoben kwando. Da ya ga muna jefawa muna ɓararwa, har Falwaya, doguwar cikinmu, tana kuka da majina, sai tausayi ya kama shi. Ya sauke zoben, ya yanka, ya ƙara masa ƙarfe. Duk ranar da wata ta yi kuka sai ya ƙara. Har ta kai ko baho kika jefa zai wuce. Baƙin da suke zuwa filinmu su ma ci suke yi, amma mun fi su sabawa da ni'imar, haka muka kai wasannin fidda gwani.

Su kuma a babban ɗakin wasa ake yinsu, ƙungiyar da ta ci biyu ta wuce. Ciyaman ɗinmu, mai shagon taya, ya ce in aka fitar da mu zai karɓe usur ya ba surukinsa mai aski. Kawu ko abincin rana bai ci ba.

Wasan farko, ina ɗaga kai na ce, "Kawu, wannan zobe ne ko awarwaro?"

Ya ce, "Ke dai jefa, 'yar nan!"

Na jefa, ta daki katako. Na sake, ta daki mai sayar da ruwa. Kawu ya nemi hutu, ya tara mu, ya ce kowacce ta kanne ido ɗaya kamar yadda yake yi in zai auna ƙarfe. Muka koma muna karo da juna. Ya sake neman hutu, ya ce Falwaya ta ɗauke ni a wuya. Alƙalin wasa ya ce ba a haka. Aka lallasa mu.

Wasa na biyu sai ga Kawu da injin walda a baro.

Alƙali ya ce, "Malam, ina zuwa da wannan?"

"Ɗan gyara zan yi muku. Kyauta, ba sai an gode ba."

Aka fitar da shi har da baron. Bai haƙura ba, ya hau bulo ya leƙo ta taga yana ba mu umarni da usur. Duk busar da ya yi sai mu tsaya cak, mun ɗauka alƙali ne, su kuma su wuce su zura. Na yi ihu, "Kawu, don girman Allah ka yi shiru!" Ya busa min sau biyu.

Shi ke nan aka fitar da mu. Ciyaman ya miƙo hannu, Kawu ya cire usur daga wuya yana shafa shi kamar jariri. Mai aski ko gogewa bai yi ba ya kai baki, ya ce aikinsa na farko a rage zoben filinmu. To mai walda ɗaya ne a layin.

Kawu ya ɗauko injinsa. Ya rage shi tsaf. Yanzu in kika jefa, ƙwallon sai ta zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai, sai an zunguro ta da sanda. Mai aski yana ta busa har jijiyar wuya, Kawu yana ƙofar gareji yana shan shayinsa.

To ku masu zagin hannuna, a wane zoben kuke so in koyi jifan?