Goron da Kawu ya kai bakin teku

Kawuna mutumin Gaya ta bakin kogi ne, ɗan masunta, amma shekarun da na san shi a Dubai kwali yake ɗaurewa a kasuwar Murshid Bazaar. Idan ya ja igiya ya ƙulle, sai ka rantse taru yake gyarawa. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne, ruwan da na fi sani shi ne na famfo.

Wata rana ya ji cewa gidajen abinci na unguwar Al Rigga suna sayen ƙumba da ƙaguwa. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Komawa ruwa yake so, ya ci daga abin da ubansa ya ci, ko da sau ɗaya ne kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Sai dai Kawu ba ya shiga ruwan wani haka kawai. A Gaya sai an gai da sarkin ruwa tukuna. Ya nemo farin goro, muka je wani bakin teku nesa da benaye, ya zaɓi tsohon da ya fi kowa furfura cikin masu gyaran jirage, ya durƙusa ya miƙa masa. Tsohon ya juya goron, ya yi murmushi, ya ce da Larabci, "Yalla, habibi," wato "Je ka, masoyi."

Kawu ya dube ni. "Voilà, shi ke nan, ɗana. An ba mu ruwa."

Har yanzu ina ganin safiyar da muka koma kamar a mafarki. Teku ya ja baya ya bar laka tana sheƙi, hazo ya haɗiye garin. Kawu yana tafe yana lalube da yatsun ƙafa, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba, har na ji ƙwalla.

Bokitin da muka zo da shi ya kusa cika wani jami'i ya iso, ya yi mana sallama. Ni na yi tafinta. Ya ce kamun sayarwa sai da lasisi, kuma ba a ba baƙi irinmu.

"Gaya masa mun gai da mai ruwan," in ji Kawu.

Na gaya masa. Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce tsohon bai da ikon ba kowa teku, doka ce ke da shi. Ya tambayi sana'ar Kawu.

"Ka ce masunci ne, ɗan masunci."

Jami'in ya duba katin zaman Kawu, ya ce a hankali, "A nan mai ɗaure kaya aka rubuta."

Kawu ya koma cikin lakar, ya mayar da ƙumbar da hannunsa, kowacce inda ya ciro ta. A mota na miƙa masa ruwan gora don ya wanke hannu. Ya girgiza kai, ya kai tafukansa hanci, yana shaƙa har muka iso kasuwa.