Laminu da Bukkar da Ya Toshe Wa Iska

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Laminu, kuma har yau idan wani ya tambaye ni me ya kashe shi, sai bakina ya yi nauyi. Ta ina zan fara? In ce ɗan Maradi, wanda ko ruwan randa sai ya ce ya yi masa sanyi, ya mutu a kan tafkin da ya daskare, a cikin bukkar katako, da ƙugiyar kamun kifi a hannu? Wallahi ranar da matarsa Hadiza ta kira ni daga Lyon, ina kicin a unguwar Belleville ta Paris, sai da na ce mata ta daina wasan banza.

Yaya mai gyaran wutar mota ne a wani gareji a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Wani tsohon Bature abokin aikinsa ne ya fara jan sa zuwa duwatsu, inda ruwa ke daskarewa har mutum ya taka, a huda rami a zura ƙugiya. Mun yi masa dariya har muka gaji. Na ce, "Yaya, kifin kasuwa ya ƙare ne?" Ya ce ni ban san daɗin shiru ba, tunda bakina ba ya hutawa.

Abin da ya fi ba shi girma a wurin masuntan shi ne batir. Da shi suke kunna fitila da ɗan injin da ke nuna musu inda kifi yake a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma sanyi kan zuƙe shi kafin azahar. Yaya yakan ce batir ɗan ƙasarmu ne, ba ya shiri da sanyi. Ba ya taɓa ajiye shi a kan ƙanƙara, sai ya sa katako a ƙasa, ya lulluɓe shi da tsohon bargo. Ba ya bari ya mutu gaba ɗaya, ba ya cajin wanda ya sandare sai ya ɗan ɗumama. In ya dawo gida, kafin ya cire takalmi ya goge kawunan batir ɗin ya shafa musu mai. Hadiza takan ce da ita ake lallaɓawa haka da ta yi ƙiba. Kuma shi ne mai yi wa kowa faɗa kada a yi caji a ɗaki rufe, don batir na fitar da iska mai kama wuta.

To wannan mutumin, mai wannan taka-tsantsan, shi aka tarar a zaune babu rai. Gwano, in ji masu magana, ba ya jin warin jikinsa.

Daga baya masuntan suka ba mu labari. Ranar batirinsa ya yi ƙasa da hantsi, sai ya tada ɗan gurup ɗinsa, wato janareto, a waje, ya jawo waya ciki. Wani Bature mai bukka a kusa ya leƙo ya ce ƙarar tana korar masa kifi. Ba zagi ba ne, ba faɗa ba ne, magana ce kawai. Amma ku san Yaya. Shekara da shekaru yana tafiya a ƙasar nan kamar mai taka ƙwai, kada a ce baƙin nan sun cika hayaniya. Ya ba mutumin haƙuri, ya sunkuci gurup ɗin yana aiki ya shiga da shi ciki, ya ja ƙofa. Bukkar kuwa tuni ya bi duk wata kafa ya cusa mata tsumma saboda tsoron sanyi. A gida mun tashi muna hira, har mu yi barci, kusa da gurup a ƙarƙashin rumfa, iska na shiga ta ko'ina, ba wanda ko kansa ya taɓa ciwo. Bai san cewa a wuri rufe akwai guba a hayaƙin nan da hanci ba ya ji ba.

Da la'asar suka buɗe. Yana jingine da bango, hular sanyi har kunne, ƙugiya a hannu. Fitilar caja ta koma kore. Batir ya cika taf. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na san kwana ne ya ƙare, na yarda, amma na daɗe ina jin haushi. Haushin Baturen da ya leƙo, haushin ƙanƙara, har da haushin Yaya da karar da ta yi masa yawa. Don kada kifin wani ya gudu fa!

Yau da zai dawo ya ga batiran zamani, ban san me zai ce ba. Ƙanana ne, mace ta ɗauka da hannu ɗaya, su wuni ba su mutu ba, babu mai buƙatar jan gurup zuwa kan tafki. Akwai ma wani ɗan abu kamar sabulu da ake ratayewa, ya yi ta ihu in iska ta ɓaci. Ina jin zai jujjuya batirin ya taɓe baki ya ce wannan ai wasan yara ne, sannan a ɓoye ya nemo masa bargo.

Bara 'yarsa Rakiya, wadda ya bari tana firamare, ta zo Paris ta same ni. Ta gama karatun aikin lantarki. Kayan kamun kifinsa suna wurina, don Hadiza ta ce ba ta son ganinsu. Rakiya ta ce, "Gwaggo, ki ba ni kayan Baba, zan je tafkin." Yarinyar nan ta ɗauko tafiyarsa, ta ɗauko sanyin muryarsa, ko a jirgin metro aka taka ta ita ke cewa pardon, a yi haƙuri. Na ce a raina, tafkin nan ya ci uban, yanzu ga 'yar ta kawo kanta. Na hana, na yi faɗa, na yi kuka. Da na ga ba ta da niyyar fasawa, na ce to ƙafata ƙafarta.

Muka je, muka kama hayar wata bukka a kan tafkin. Na sa riguna har na kasa lanƙwasa hannu. Ta ɗora batirinta a kan katakon ubanta, ta lulluɓe shi da bargon nan, ta kunna ɗan murhun gas don mu ji ɗumi, ta sa takalmi ta tokare ƙofa a buɗe. Iska na shigowa kamar ana yanka ni da reza. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Ke Rakiya, ja ƙofar nan don Allah, sanyi zai kashe ni!"

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa jin ta musa wa babba magana ba sai ranar. Ta ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo, ba zan rufe ba. Ba sanyi ne ya kashe Baba ba."

Ni da na shekara goma sha ɗaya ina kukan ƙofar da aka rufe, ni ce yau nake cewa a rufe.

Na yi ta auna abin da Yaya ya bari. Garejin an sayar, bukkar ta ruɓe. Kula da kaya da tausayin mutane suna nan a jikin 'yarsa, ba abin da ya ragu. Ta ƙara abu ɗaya da shi bai iya ba, ta ba ka haƙuri kuma ta ƙi yin abin da ka ce. Allah ya jiƙanka Yaya, ya sa ka huta. Ranar mun wuni muna karkarwa, ko kifi ɗaya ba mu kama ba, kuma mun dawo gida mu biyu.