Shimfiɗar da Baba Ya Yi wa Sanjali

A gidanmu na Kanute, gidan makaɗa a Birkama ta ƙasar Gambiya, namiji ba ya cika mutum sai ya iya kaɗa kora, molonmu mai tsirkiya ashirin da ɗaya. Yayana Sanjali ya iya ta tun bai iya wanke fuskarsa ba, har ranar da igiyar kwalekwale ta cire masa manuniyar hannun dama. Kora kuwa da babban yatsa da manuniya ake kaɗa ta. Baba bai yi faɗa ba, ya dai daina kiransa in za a fita biki. Ni na san yadda abin ya ci wa Sanjali rai.

Sanjali ya tafi Dakar, ya yi shekaru yana koyon jita mai tsirkiyar roba a wurin wani malamin coci, ya dawo yana kaɗa ta da yatsun da suka rage. Baba ya dube ta a yatsine.

"Tsirkiya shida? Sauran fa, ɓarayi ne suka tare ka a hanya?"

Ranar sunan ɗiyata, bayan an ci domoda, miyar gyaɗarmu, Baba ya zauna da korarsa a inuwar mangwaro. Sanjali ya jawo kujera kusa da shi, jitarsa a hannu, ba wanda ya gayyace shi. In Baba ya tashi, shi ke nan an cire yayana daga makaɗan gidan a bainar jama'a.

Bai tashi ba. A wurinmu ƙarami ke yin shimfiɗa, ya riƙe kiɗa ɗaya yana maimaitawa, babba ya yi ado a kai. Sanjali ya shimfiɗa, Baba ya hau. Tsohon ya yi ta sauya hanya da gangan don ya ɓatar da shi, amma duk inda ya karkata sai ya tarar da jitar tana jiransa.

Can sai Baba ya sassauta hannu, ya koma kan shimfiɗar da kansa. Tun rasuwar kakanmu bai taɓa yi wa kowa haka ba. Sanjali ya yi sororo.

"Kai, ɗan nema, hau mana!" in ji Baba. "Ko sai na aiko maka da goro?"

Ya hau kuwa, ya yi ta zuba ado. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma hawaye nake, daɗi ya kashe ni. Gwaggo Musukeba, zabiyar gidan, ta miƙe ta nufi Baba tana kirari, "Kanute! Kanute!"

Baba bai ɗaga hannu daga kora ba. Ya nuna Sanjali da haɓa.

"Ba ni ba, Musukeba. Shi."