Ranar da Baba Ya Sa Tabarau

Ƙamshin tawada nake fara tunawa. Umma tana dafa ta a ƙaramar tukunya a bayan madafa, gawayi da ƙaro suna tafasa, ƙamshin yana ratsa tsakar gidanmu na Takur har zaure. Ni kuwa ina zaune a gindin dabino, na zuba wa duwatsun bayan gari ido, ina ta juya jami'o'i biyu a zuciyata.

Ɗaya tana nan Dutse, adaidaita sahu zai kai ni, in dawo in ci tuwon Umma. Ɗayar tsohuwa ce mai suna, tafiyar kusan yini a mota. An ce a ɗakin karatunta akwai tsoffin rubuce-rubucen ajami da ba a buɗe su sai da alfarma. Adabi nake son karantawa, kuma tun da na ji labarin ɗakin nan nake ganin kaina a ciki, rana tana shigowa ta doguwar taga. Makin jarrabawata ya isa kowacce. Sai dai a makon nan za a rufe damar canza zaɓi a shagon kwamfuta.

Kowa da bakinsa. Yayana, mai aiki a sakatariyar Kiyawa, cewa yake, "Ke dai tafi can. Wurin neman aiki sunan makaranta ake fara dubawa kafin a dubi fuskarki." Goggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Digiri ai digiri ne. Kuɗin mota, kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, duk a kan wa? Ko geron gonarmu ta Buji ƙafa gare shi da zai bi ta?" Umma ta ce tumakinta ba don ado take kiwon su ba.

Ban gaya wa kowa abin da ya riƙe ni ba. Baba malami ne, yaran unguwa suna ɗaukar karatu a zaurensa. Idanunsa sun daɗe suna dushewa, don haka kullum bayan la'asar ni nake karanta masa littattafansa na fiƙihu da na waƙoƙin wa'azi. Yana jingine da bango, ido a lumshe, in na yi tuntuɓe ya ce, "Koma, Uwata." Haka yake kira na saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Idan na tafi, wa zai karanta masa? Na riga na yanke a raina: gobe zan je in zaɓi ta gida, in ce saboda sauƙin kuɗi ne.

Da aka sauko daga la'asar na ɗauko gafaka na shiga zaure kamar kullum. Sai na tarar da shi sanye da tabarau mai kauri, wanda Yaya ya raka shi Kano suka karɓo a asibitin ido kwanakin baya, bai taɓa sa shi ba sai ranar.

"Miƙo," ya ce. "Yau ke ce ɗaliba."

"Baba, ka fara gani ne?"

"Har ƙurar da kika bari a kan littattafaina."

Ya zaro ɗaya, ya kusanto da shi, ya fara karantawa da muryarsa mai sanyi, yatsansa yana bin layi. Ya kai ƙarshen shafi ya juya, ya ci gaba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ya ɗago ya ce, "To, an sallame ki daga aiki. Sai ki nemi wani." Sannan ya ƙara da cewa, "Wancan ɗakin karatun da kike ba Ummanki labari, ki je ki gano mini shi. In kin dawo hutu ki faɗa mini abin da magabata suka rubuta."

Umma ta leƙo da ludayin tawada a hannu. "Malam, tabarau ya mayar da kai saurayi."

"Da ma ke ce ba ki lura ba," in ji shi.

Washegari na je shagon kwamfuta na tabbatar da zaɓina a kan tsohuwar jami'ar mai nisa. Aka sayar da raguna biyu, Goggo duk da surutunta ta ɗaure mini yaji da kuka da daddawa a ƙullin leda, tana cewa kada in dawo da iyayi.

Ɗakin karatun bai kai yadda na zana shi ba. Tagogin ƙanana ne, fanka ɗaya ce take aiki. Amma takardun suna nan, kuma da na fara buɗe su sai na ji ƙamshin tukunyar Umma. Duk hutu nakan zauna a zaure in ba Baba labari. Yakan ce in karanta masa, wai yana hutar da tabarau. Ban kawo komai a raina ba.

Ina shekarar ƙarshe aka yi masa aikin cire yanar ido, idanunsa suka buɗe sosai. A barandar asibiti Umma ta riƙe hannuna tana dariya. Ta ce duk shekarun nan ita take karanta masa bayan la'asar, tana harhaɗa baƙi da ƙyar, yana cewa "koma", suna faɗa suna shiryawa, har ta sauke littattafai biyu. Na ce, to tabarau fa?

Ta ce tun a Kano likita ya gaya masa tabarau ba zai yi masa komai ba. Ranar nan da ya sa shi ya yi mini karatu a zaure, ko yatsansa da ke kan layi ba ya gani. Littafin tun yana matashi ya haddace shi, kuma inda ya juya shafi, wurin da ni nake tsayawa in ja numfashi ne kafin in juya.