Sharar da Tsaf-tsaf Ya Yi wa Yayarsa

Tun yana yaro ake kiransa Tsaf-tsaf. Mutumin da ke goge ƙasan takalmi kafin ya ajiye, me za ka gaya masa? Da ya girma ya buɗe shagon gyaran kwamfuta, halin bai sake shi ba. Kusoshi a jere cikin murfin kwalba, wayoyi a nannaɗe, ko ƙura tsoron teburinsa take yi.

Yayarsa mai ɗinkin surfani ce. Da idonta ya fara rauni, sai ta koma ga keken surfani wanda wata tsohuwar kwamfuta ke sarrafawa. Da shi take ciyar da 'ya'yanta.

Wata rana ta kira shi, wai kwamfutar ta yi nauyi. Yana dubawa ya ga tarin ƙananan manhajoji, abin ya tsaya masa a rai. Ya sani sarai cewa tsarin da ke saka manhaja shi ke nemo ƙananan da take dogara da su, ya jawo su tare. Amma hannunsa na ƙaiƙayi. Ya zaɓi wata tsohuwa, ya ce a cire. Allon ya jero masa abin da zai tafi tare da ita, ya tambaye shi ko ya yarda. Gogan naka bai karanta ba, ya danna.

Keken ya yi tsit. Ashe manhajar surfanin da ita take dogara, don haka ta bi ta tafi.

Ya yi maza ya sa tsohon faifan manhajar surfanin don ya mayar da ita. Tsarin ya shiga rumbunan intanet yana neman ƙaramar nan da ya cire, sabuwarta kawai ya samu. Manhajar surfanin kuwa ba ta aiki sai da tsohuwar, masu yin ta sun daɗe da rufe kamfani. Tsarin ya ce ba zai ci gaba ba.

"Innalillahi! Kai, me ka share mini?" in ji Yaya.

"Wata 'yar aba ce, Yaya, ba ta aikin komai."

"Ba ta aikin komai? To me ya kashe keken?"

Ta daɗe tana kallon rigunan mutane da ke jibge, sannan ta jawo aljihun tebur ta ɗauko allura. Ta kai ta dab da ido, ta yi ta fama, zaren ya ƙi shiga. Ta miƙa masa.

"Ungo, ƙanena. Idonka lafiya lau yake, ko da ba ka karatu da shi. Zura mini."