Kujerar Madam

Har gobe ban manta da ranar da na fara kai baƙi wani ƙauye a kan duwatsun Alantika ba. Lokacin ina sabon jagora a ƙungiyarmu ta rakiyar 'yan yawon buɗe ido da ke Garwa, kuma ni ɗan gidan mahauta ne, tumbina ya shaida.

Ga sababbin cikinku, tsarin aikin shi ne: Turawa su biya su hau dutse da ƙafa, a ware wa ƙauyen da suka kwana rabonsa. Wannan ƙauyen rijiya yake nema, matansa sai sun sauko har kwari suke samun ruwa. In shugabar tafiya ta rubuta rahoto mai kyau, baƙi za su ci gaba da zuwa, in ba haka ba an soke ƙauyen.

Shugabar wata dattijuwar Baturiya ce, Madam muke ce mata, siririya kamar sanda. Muna isa gindin dutse da safe muka tarar da Jauro, mai garin, da ƙarti huɗu. Sun ɗaure kujera a kan gora biyu, har da matashi.

Jauro ya ce da Fulatanci, "Wadda za ta haƙa mana rijiya ba za ta taka dutse da ƙafarta ba."

Na fassara. Madam ta ɗaure fuska ta ce, "Wata shida ina motsa jiki saboda dutsen nan. In sai an ɗauke ni, mu koma mota."

Na sassauta maganar na mayar wa Jauro. Ya girgiza kai.

"Malam Sule, in kujerar nan ta koma ba kowa, maƙwabta za su ce babban baƙo ya raina mu. Ku koma ɗin ya fi."

Na ga rijiya tana shirin tafiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita Madam ɗin ce dole ta hau kujerar, ko babban tafiya?"

"Babba mana."

Da na gaya wa Madam, sai ta nuna ni tana murmushi: "To ai ga shef ɗinmu nan, shi ne babban tafiya."

Ƙartin suka dube ni, suka dubi Madam, ɗayansu ya yi salati. Haka aka ɗauke ni, tsohuwa tana gaba tana ɗaukar hotona, na ƙasa suna tsine mini da yarensu. Kunya ta kama ni, amma gaskiya kujerar da daɗi. Da muka isa, ni mata suka yi wa guɗa.

Rahoto ya yi kyau, bayan damina biyu aka haƙa rijiya.

Abin da na koya, baƙonmu wahalar yake saye, mai masauki kuwa kunyar sayar da ita yake ji, kuma ba wanda za ka ce wa ya yi kuskure. Bara na koma, na tarar da kujerar a gindin dutse. Babban ƙartin ya ce, "Ruwan kam mun gode. Amma ka roƙa mana ƙungiya ta sauya shef."